Kwana Uku a Zariya Wajen Yaro Mai Gudu da Hannu Ɗaya

Daga tashar Unguwa Uku na hau mota bayan azahar, ranar wata Alhamis a tsakiyar hunturu. Muka bi ta Kura, muka wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, hazo ya lulluɓe gonaki har ba ka hango bishiyar da ta yi nisa da titi. Kafin magariba direba ya sauke mu a Kwangila. Abin da ya kawo ni Zariya wani yaro ne ɗan shekara goma sha shida da aka yanke wa hannun hagu, wanda aka ce a unguwarsu babu mai hannu biyun da ke shan gabansa a mita ɗari. Mai horar da shi tsohon malamin motsa jiki ne, kowa Koci yake ce masa. Abu biyu ya nemi in duba: ajin da yaron zai faɗa a wasannin nakasassu, da kuma ko lokacin da suke ɗauka masa abin dogaro ne.

Washegari muna idar da sallar asuba ɗan acaɓa ya kai ni wani filin makaranta a bayan Tudun Wada. Jar ƙasa ce tsurarta, an ja layuka da toka, an ajiye dutse a farko da wani a ƙarshe. Sanyin Zariya a wannan lokaci har cikin ƙashi yake shiga. Yara bakwai na tarar, huɗu masu nakasa, uku 'yan rakiya. Koci bai bar kowa ya saki ƙafa ba sai da aka cinye minti talatin ana ɗumama jiki: sassarfa zagaye uku, lilo da ƙafa gaba da baya sau goma-goma, ɗaga gwiwa, buga diddige a mazaunai, sannan gudun mita hamsin sau huɗu, kowanne ya ɗara na baya sauri kaɗan. A bazara minti ashirin ya isa. A hunturu wanda ya taƙaita, naman bayan cinyarsa ne zai biya. Shi ne naman da ya fi yagewa ga masu gajeren tsere, kuma yana yagewa ne daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin dira. Ƙaramar yagewa makonni take ci, babba kuwa watanni.

Yaron ya zo ya rusuna. "Malam, ina kwana? An zo lafiya?" Dogo ne siriri, kafaɗar dama ta fi ta hagu cika, kamar duk wanda ya shekara tara yana aikin hannu biyu da hannu ɗaya. Labarin hannun ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yana ɗan shekara bakwai ya faɗo daga mangwaro, aka kai shi ɗori, aka ɗaure karare tamau a kan hannun da ke kumbura. Kumburi ya rasa wajen zuwa, ya danne hanyoyin jini. Yatsu suka yi sanyi, suka daina ji, suka yi baƙi. Ranar da aka kai shi asibiti ba abin da ya rage sai yanka. Iyaye su riƙe wannan: duk ɗorin da yatsu suka sauya launi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon lafawa, a kwance shi a nufi asibiti a wannan sa'ar, ba gobe ba.

Na ce ya naɗe hannun riga. An yanke ne kamar faɗin tafi ƙasa da gwiwar hannu, gwiwar kuma tana lanƙwasuwa tana miƙewa sarai. Wannan T47 ne, duk da cewa masu tantancewa ne ke da hukuncin ƙarshe.

A wannan wasa kafin a tambayi saurinka ajinka ake tambaya. Harafin T na tsere ne da tsalle, F na jifa. Lambar farko tana faɗin irin nakasar, ta biyu tana faɗin tsananinta, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi tsanani. T11 zuwa T13 masu matsalar gani. T20 masu ƙarancin fahimta. T35 zuwa T38 waɗanda jiki ke sandarewa ko karkarwa saboda lahani a ƙwaƙwalwa, amma suna gudu a tsaye. T42 zuwa T44 masu lalurar ƙafa da ke gudu da ƙafarsu, nan ne da yawa daga waɗanda shan inna ya taɓa suke faɗawa in suna iya gudu. T45 zuwa T47 masu lalurar hannu. T51 zuwa T54 masu keke. T61 zuwa T64 masu gudu da ƙafar roba, waɗanda aka ware musu nasu lambobin tun 2018. A ɓangaren hannu, wanda aka yanke wa ɗaya daga wuyan hannu zuwa ƙasa da gwiwa shi ne T47, daga gwiwar hannu zuwa sama T46, hannu biyu T45, kuma a gajeren tsere akan haɗa su uku a tsere ɗaya. Ɗan T47 ba ya wuce mita 400, sai tsalle. Wani abu da Koci bai sani ba: a gasar Paralimfik, wato babbar gasar nakasassu ta duniya, ta Tokyo da ta Paris, mazan wannan aji mita 100 da mita 400 kawai suka yi, babu 200. 'Yan Maroko ne suka ci zinaren 400 ɗin duka sau biyun. Don haka yaron da ke wannan aji kada a bar shi ya tsani dogon zagaye.

Kowane aji yana da ƙaramin mizanin da dole nakasa ta kai. A cikin yaran huɗu akwai wanda injin niƙa ya cire wa yatsu uku. Na ja Koci gefe na gaya masa wannan ba zai samu aji ba, domin sai yankan ya kai wuyan hannu. Haka mai ido ɗaya in ɗayan yana gani garau, domin idon da ya fi kyau ake aunawa, da gilashi a fuska. Wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai bambancin ya kai santimita 7. Kurame ba sa cikin wannan gasa gaba ɗaya, tasu daban ce. Maganar ba ta yi wa Koci daɗi ba, amma gara yaro ya ji ta a Tudun Wada ya koma tsere da masu lafiya, da ya yi shekara uku yana shiri a sallame shi a gaban likitoci a wata ƙasa.

Daga nan muka koma kan tashi, wanda shi ne ya cinye mana safiyar. Wani kafinta a Sabon Gari ya yi musu matokarin katako, wato abin da mai tsere ke tokare ƙafa da shi in zai tashi, ana kafa shi da dogayen ƙusoshi biyu. Awonsa mai sauƙi ne: matokarin gaba tsawon tafin ƙafa biyu daga layi, na baya uku. In aka ba da umarni na biyu, wato na ƙarshe kafin a buga bindiga, ɗuwawu ya ɗaga ya ɗan zarce kafaɗa, gwiwar gaba ta yi digiri 90, ta baya kamar 120, nauyin jiki ya koma kan hannuwa. To a nan matsalar take. Hannu ɗaya ne a ƙasa, sai kafaɗar hagu ta rufta, jiki ya karkace tun kafin a buga bindiga. Jar ƙasa tana da wani amfani da tartan, shimfiɗar robar filin tsere, ba shi da shi, wato tana ajiye sawu. Muka bi sawunsa da ido. Taku uku na farko duk sun kauce hagu, na huɗu ya dawo dama yana gyara, ba ya kama miƙaƙƙiyar hanya sai wajen taku na bakwai. Duk takun da ya tafi gefe lokaci ne ya zube.

Doka ta ba ajinsa zaɓi. Ba dole ya yi amfani da matokari ba, ba dole hannu biyu su taɓa ƙasa ba, yana iya tashi a tsaye. Yana kuma iya ɗora dungun a kan wani ɗan matashi, da sharaɗin ya kasance gaba ɗaya a bayan layi, kada ya tare wa na kusa hanya, launinsa kuma kada ya zama mai ɗaukar ido. Muka sa shi ya duƙa, na daidaita masa kafaɗu har suka yi layi ɗaya, Koci ya auna daga ƙarshen dungu zuwa ƙasa. Wannan awon shi ne tsayin matashin. Katako ake yankawa, a manna soso a sama, a manna guntun robar taya a ƙasa don kada ya zame. A ranar bulo muka ɗora wa tsumma. Ya gwada tashi iri uku, kowanne sau uku a mita ashirin, da hutun minti biyu tsakani. Na matashin ne ya fi, sawun ma ya miƙe. Batun wace ƙafa za ta zauna gaba kuwa, na ce kada a yanke da baki. A yi mako biyu da hagu, mako biyu da dama, agogo ya raba gardama.

Hannu a gudu ba ado ba ne. Duk lokacin da ƙafar dama ta yi gaba tana murɗa ƙugu, hannun hagu ne ke warware murɗar. In hannun gajere ne, ko an bar shi yana reto, gangar jiki ce ke ɗaukar aikin, sai ka ga mai gudu yana juyi kamar mai tuƙa tuwo. Wannan yaron yana da babban rabo da aka bar masa gwiwar hannu. Abin da zai koya shi ne ya riƙa harba gwiwar baya daga kafaɗa, da ƙarfi daidai da na dama. Robar cikin tayar keke ta isa kayan aiki: a ɗaure a jikin turke, a zarga a saman gwiwar, ya ja baya sau goma sha biyu, zubi uku. Sai ƙarfafa ciki da kwiɓi da gadon baya kullum. A kwanar fili abin ya fi tsanani, domin jikin da ke karkata yana iya taka layin ciki, faɗin layin kuma mita 1.22 ne kacal, taka shi yana iya jawo a soke gudun.

Akwai kuma kunne. A gasar ƙasa da ƙasa da Turanci ake ba da umarnin biyu kafin bindiga, don haka a saba masa da kalmomin tun yanzu. Matokarin can yana da na'urar da ke jin matsin ƙafa. Wanda ya motsa kafin sakan 0.100 bayan ƙarar bindiga, ana ɗauka zato ya yi ba ji ba, kuma kuskure ɗaya ya isa a fitar da shi. Koci yana tafa katako biyu a madadin bindiga, sai dai ya saba tafawa a lokaci guda kullum, yaran sun haddace. Ya riƙa sauyawa, wani lokaci ya jinkirta, wani lokaci ya ƙi tafawa sam.

Sai magana ta biyu, ta lokacin da suke ɗauka masa. Koci ya buɗe littafinsa ya nuna mini sakan 11.3 a mita ɗari, ya ja masa layi biyu a ƙasa. Na tambaye shi da me aka auna filin. Da taku, in ji shi. Muka ari tef mai mita hamsin wajen wani magini, muka ja sau biyu. Tsakanin duwatsun mita 97 ne. A saurin wannan yaro kowace mita tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, ka ga 0.3 ta hau. Agogon hannu kuma kullum yana yi wa mai gudu alheri, domin yatsa yana makara wajen dannawa a farko, yana riga a ƙarshe. Shi ya sa ake ƙara 0.24 a mita 100 da 200 in za a kwatanta da na'urar lantarki, 0.14 a mita 400. Mai riƙe agogo ya danna da ganin hayaƙi ko haɗuwar katako, ba da jin ƙara ba, domin ƙara tana ɗaukar kusan sulusin sakan kafin ta iso daga mita ɗari. Ya tsayar in ƙirji ya kai layi, ba kai ko ƙafa ba. Ga iska: in tana tura mai gudu fiye da mita 2.0 a sakan, lokacin ba ya shiga kundi, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, daidai bayan yaran a yadda aka shata filin.

Koci ya yi shiru. Na ce masa abin da ya rage, wajen 11.8, lokaci ne mai kyau ƙwarai ga ɗan shekara goma sha shida a kan jar ƙasa da kambas. Amma a san inda ake. Suwaibidu Galadima ya ci wa Najeriya zinaren mita 100 na T47 a gasar Kwamanwel ta 2018 a Gold Coast da 11.04. Petrucio Ferreira na Barazil ya yi 10.29 a 2022. Kuma wannan aji gadonmu ne: a Barcelona 1992, zuwan Najeriya na farko gasar Paralimfik, Ajibola Adeoye ya ci 100 da 200, ya yi 10.72, ya sake cin su biyun a Atlanta 1996. Wannan 10.72 ɗin sai da ta shekara ashirin da huɗu kafin Petrucio ya karya ta a Rio 2016. A Paris 2024 mun dawo da lambobi bakwai, zinare biyun duk daga ɗaga nauyi, ko ɗaya babu daga tsere. Ni dai ban yarda ƙafafun ne suka ƙare ba. Abin da na gani a wannan fili ya ishe ni shaida.

Jadawalin mako muka gyara a ƙarƙashin wata darbejiya. Kuskuren da ya fi yawa a wurarenmu shi ne a sa mai gajeren tsere ya yi ta zagaya fili har ya galabaita, a ce ya yi aiki. Wannan jinkiri yake koya wa jiki. Sauri ba ya ƙaruwa sai in an yi gudun da cikakken ƙarfi, jiki kuma a huce. Kwana uku masu zafi sun isa, da aƙalla sa'a 48 tsakaninsu. Juma'a tashi: mita 30 sau shida, hutun minti uku, wato minti ɗaya ga kowace mita goma. Litinin ƙololuwar sauri: ya taho mita 30 yana ƙarawa, ya saki duka a mita 20, sau huɗu ko biyar, hutun minti biyar zuwa shida. Laraba juriya: mita 120 zuwa 150 sau uku ko huɗu, hutun minti takwas zuwa goma, domin babu mai ƙara sauri a ƙarshen mita ɗari, wanda ya fi jinkirin raguwa shi ke ci. Da zarar lokaci ya fara hawa, a tsaya, ko da lissafi bai cika ba. Tunda ba zai riƙe ƙarfe da hannu biyu ba, sai tsugunno da ƙafa ɗaya, da jakar yashi a baya, da jan ƙaramar taya da igiya a ƙugu, kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. In azumi ya zo a mayar da aikin bayan buɗa-baki, a rage yawansa, a bar saurinsa yadda yake. Takalmi mai ƙusa kuma a ajiye shi. A kan busasshiyar ƙasa ciwon ƙwauri yake kawowa. Na tartan ne, inda doka ta ce ƙusa kada ta wuce milimita 9. Kaduna kilomita tamanin ce daga nan, ko sau ɗaya a wata ya kamata a kai shi filin wasa na Ahmadu Bello ƙafarsa ta san layi na gaske.

Ranar Asabar muka hau keke daga Kwangila, muka bi ta Hanwa da Palladan, ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi suna shawagi a samanmu, har Samaru. A wani fili nesa kaɗan da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello wata yarinya ke atisaye da yayanta. Ba ta gani ko kaɗan, ajin T11 ke nan. Sanye take da hijabi ɗan daidai da dogon wando, doka ba ta hana ba. Ɗan jagora ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, amma na tsere ba gaba yake shiga ba, gefe yake bi. Ana ba su layi biyu, shi ya sa mutum huɗu kawai ke gudu a fili mai layi takwas. Ana rufe idon ɗan T11 da auduga a ɗora baƙin mayafin ido, don kada mai ɗan ganin haske ya fi wanda ba ya gani. Ɗan T12 yana da zaɓin ɗan jagora, ɗan T13 shi kaɗai yake gudu.

Igiyar da na tarar a hannunsu ta kusa kamu biyu. Doka ta ce a tseren fili kada ta wuce santimita 30, da zobe a kowane baki. Muka yanke. Yayan yana damanta, hannunsa na hagu ɗaure da nata na dama, saboda haka dole ƙafafunsu na ciki su tafi tare, na waje su tafi tare, kamar mutum da hotonsa a madubi. Wannan tun a matokari ake shirya shi: in ta sa hagu a gaba, shi ya sa dama. Shi zai kafa mata matokari, ya ɗora yatsunta a bayan layi, ya saita kafaɗunta su fuskanci hanya. In ya riga bindiga, ita aka kora. Ba ya ja, ba ya turawa, ba ya sakin igiya, kuma dole ta riga shi tsallake layi. Dokar ba ta da sassauci. A Paris 2024 Elena Congost ta Sifaniya ta rasa tagullar gudun yada-ƙanin-wani saboda ta saki igiya 'yan taku kafin layi, tana ƙoƙarin tare ɗan jagoranta da jijiya ta ɗaure. Tun London 2012 ana ba 'yan jagora lamba su ma.

"Yaya, ka daina yin shiru a tsakiya," ta ce masa bayan zubi na biyu. Gaskiyarta. Numfashinsa ya ƙare a mita sittin, domin saurinsu ɗaya. Ɗan jagora dole ya fi ta gudu da tazara mai kyau, har ya samu sararin faɗin "talatin, sittin, tamanin, ƙirji" ba tare da takunsa ya rikice ba. Shi ya sa manyan mata irin Omara Durand ta Kuba, wadda ta yi 11.40 a mita 100 na T12, maza ne 'yan jagoransu. A Zariya yayanta muharraminta ne, iyaye sun natsu, wannan babbar ni'ima ce. Amma in bai yi nasa atisayen daban ba, kafin shekara shi zai zama birkinta.

Wani saurayi mai ƙafar roba ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni ko tasa za ta yi gudu. Ba za ta yi ba, ta tafiya ce. Ta gudu lanƙwasasshiya ce kamar lauje, ta zaren kabon, ana zaɓar taurinta gwargwadon nauyin mutum, kamfanoni irin Ottobock da Össur ke yin ta, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin gida ɗaya. Abin da ya fi ba da wahala ma ba laujen ba ne, kofin da dungu ke shiga ne. In ya yi yawa dungu ya riƙa zamewa ya saɓule, in ya matse jini ya tsaya, ga gumi, ga yaro yana girma yana bukatar sabo. Na ba shi shawarar ya gwada jifa kafin Allah ya kawo mai ɗaukar nauyi.

A hanyar dawowa muka tsaya cin wake da shinkafa, maganar abinci ta taso. Ba a bukatar gwangwanin garin ƙarin ƙarfi. Ƙwai, awara, wake, gyaɗa, nono, kifi in an samu, a raba su a kowane ci maimakon a tara da dare, a sha ruwa ko da hunturu ya ɓoye ƙishirwa. Abin tsoro kemis ne. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa. Deksametason, da ake sha don ciwon jiki ko ƙiba, shi ma haramun ne a gasa in an haɗiya ko an yi allurarsa. Haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, da jiƙon da ba a san me aka zuba ba, duk tarko ne. Dokar ba ta karɓar ban sani ba, abin da aka samu a fitsarinka naka ne, hukuncin kuma yana kaiwa shekara huɗu. Wanda likita ya ɗora a kan magani dole, akwai takardar izini da ake nema tun kafin gasa.

Bayan la'asar muka shiga birni ta Ƙofar Doka, zuwa zauren mahaifin yaron. Dattijo ne mai ɗinkin hula. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na ce a fito da takardu: ta haihuwa, ta firamare, da katin ɗan ƙasa. Ranar haihuwa biyu muka samu, sunan uban kuma an rubuta shi iri uku. A nan yawancin yaranmu suke tsayawa, ba a fili ba. Hanyar a jere take. Hukumar wasanni ta jiha ta san da shi ta sa shi a tawagarta. Ya je gasar ƙasa, musamman bikin wasanni na ƙasa da aka fara a 1973, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, a yi masa tantancewar gida. Daga nan kwamitin Paralimfik na Najeriya ne kaɗai zai iya yi masa rajista a kundin duniya ya karɓo masa lasisin da ake sabuntawa duk shekara, kuma sai wanda zai cika sha huɗu kafin ƙarshen shekarar gasa. Akwai fom na musamman da likita zai cika da Turanci, a haɗa da hoton ƙashi. Na masu matsalar gani likitan ido ne zai cika, kada ya wuce wata goma sha biyu. Ana tura su makonni kafin tafiya. Tantancewar duniya kuma a wajen gasa ake yi, irin ta Tunis ko Marrakesh ko Dubai: masana aƙalla biyu su auna jiki, su ga yadda yake motsi, in ta kama su kalle shi a gasar kanta. Wanda ya ɓoye ƙarfinsa don a sa shi aji mai sauƙi, dakatarwa ce ta shekaru. Lokacin da ya yi a gasar da hukumar duniya ba ta amince da ita ba, ko ya fi na kowa, ba ya shiga jerin gwanaye. Duk wannan fasfo yake jira, fasfo kuma yana jiran suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

"Malam," in ji dattijon, "wannan gudun zai ci da shi?"

"Baba, kaɗan ne yake ci da su," na ce. "Kada a cire shi daga makaranta ko na zango ɗaya. Gudun safiya ne, karatu yini ne."

Ya tambayi yaushe za a san gaskiyarsa. Na ce mai gajeren tsere ba ya nuna sai ya haura ashirin. Za a yi gasar Los Angeles a 2028, amma ta Brisbane a 2032 ita ta fi dacewa da shekarunsa. Ranar da ke takardar haihuwa ita ce ta gaskiya, ita za a bi, kada wani ya ba su shawarar rage shekara. Dattijon ya ninke takardun ya sa a aljihun gaba, ya ce ranar Litinin zai je kotu a yi takardar rantsuwa.

Ranar Lahadi kafin in nufi tasha na sake biyawa ta filin. Koci ya matsar da dutsen mita uku, ya kafa guntun rodi a gurbinsa don kada a sake taɓawa, ya juya layukan yadda iska za ta riƙa zuwa daga gefe. Kafinta ya kawo matashin, an shafa masa jar ƙasa ya saje da fili. Bayan minti talatin na ɗumi yaron ya duƙa, ya ɗora dungunsa, kafaɗu suka daidaita. Agogo uku muka riƙe, muka ɗauki na tsakiya. Koci ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta "iska daga gefe", ya rubuta 11.6, a gabanta kuma 11.84.